Wanda Ya Yi wa Bube Wanka

Shekarar da aka nuna Ka'aba a waya babu mai ɗawafi ko ɗaya, Na'iya ya ce ƙaryar masu haɗa hoto ce. Shekara ashirin yana wankan gawa a Fakku bai taɓa tsoron mamaci ba, balle wata korona da ido bai gani.

Sai ga wansa Bube ya dawo daga Kano cikin azumi, a ɓoye cikin motar shanu, don an hana ƙetara jiha. Ya zo da tari da zazzaɓi. Na'iya ya yi jinyarsa kwana uku, a na huɗu Bube ya cika, yana jan numfashi kamar an danne masa ƙirji da turmi.

Mutane suka taru, amma can nesa. Mai zuba wa Na'iya ruwa wurin wankan gawa ya kawo uzuri, wai cikinsa na murɗa. Na'iya ya kira ɗan ƙanwarsa Mannir, malamin asibiti a Tambuwal.

"Kawu, kar ka taɓa shi. Ku jira ma'aikata."

"Yaushe za su zo?"

"Ƙila gobe, ƙila jibi."

"Cikin zafin ga? Ɗan'uwana na, ba buhun albasa ba."

Ya ɗaure hannuwa da leda, ya rufe baki da rawani, ya yi wankan shi kaɗai. Yana juya gawar leda ta yage a babban yatsa. Ya ga yagewar, ya ci gaba.

Bayan an rufe Bube, Mannir ya sake kira. Ya ce kwana goma sha huɗu kar Na'iya ya kusanci kowa, balle matarsa Bara'atu mai ciwon fuka. "In hancinka ya bar jin wari, ta kama ka." Nan gaban Na'iya ya faɗi, domin duk kwanakin jinyar nan shi da Bara'atu da moɗa ɗaya suke shan ruwa. In ta kama shi, ita ma ta kamu, kuma ƙirjinta ba zai ɗauka ba.

Ya koma bukkar gona. Kullum dab da magariba Bara'atu takan aje kwano gindin tsamiya, ta ja da baya. Shi kuwa kafin ya kai ruwa baki sai ya buɗe miyar kuka ya shinshina. In warin daddawa ya bugi hancinsa, ya yi hamdala.

Rana ta goma sha ɗaya ya buɗe, bai ji komai ba. Ya sake kai hanci har miya ta taɓa gemunsa. Babu. Ya aje kwanon.

"Bara'atu, matsa can. Ƙara matsawa."

"Malam, lafiya?"

"Ta kama ni. Ban jin warin daddawa."

Ta dube shi.

"Wace daddawa? Tun jiya ta ƙare. Wa ka zuwa kasuwa yanzu? Gishiri da barkono kawai ni sa."

Bai yarda ba. Ya duƙa ya ɗebi kashin awaki, ya murtsuke, ya kai hanci. Warin ya hau masa kai. Ya zauna daɓas a ƙasa.

"To ka wanke hannun ga kafin ka taɓa min tuwo," in ji ta. "Saura kwana uku."

Ta juya ta nufi gari. Ta kai wajen iyakar gona sai ta yi tari, sau ɗaya. Na'iya ya miƙe tsaye, ya kasa kunne. Har aka kira salla bai sha ruwa ba, yana jiran ya ji ko za ta ƙara.