Mita Ɗari Uku Kudu

Ƙarfe biyu na rana za a zauna taron hukuma kan iyakar daji, amma tun ƙarfe takwas Tusajigwe Mwaipopo ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta leƙa taga, ta dawo, ta ɗauki kofin shayi ta ajiye ba ta kurɓa ba. Ruwan sama yana ta dukan kwanon ofishin taswira na gunduma. A wannan ƙasar ta ayaba da ganyen shayi babu wanda ke fasa fita don ruwa, balle a fasa taro.

Aikin da aka ba ta ba wani abin a zo a gani ba ne. Fayil ɗin ƙidayar jama'a ya iso, kowane gida ɗigo ɗaya, yadda masu ƙidaya suka bi ƙofa-ƙofa da na'urorinsu. Nata shi ne ta shigar da shi cikin manhajar taswira, ta ɗora masa iyakar dajin Itembe da aka keɓe, ta buga a takarda. Duk gidan da ya faɗa cikin koren layi za a je a shafa wa bangonsa jan fenti, masu shi su kwashe komatsansu.

Ta shigar, ta ɗora, sai ga gidaje arba'in da ɗaya na ƙauyen Lwangilo, can gefen arewa, tsundum a cikin daji, har da makarantar firamare. Makarantar da ta girme ta! Ita 'yar Kisyala ce, ƙauyen da ke gefen kudu, kuma tana ƙarama a filin makarantar nan suke zuwa gasar tsere. Babu wanda ya taɓa cewa a daji suke gudu.

Shugaban sashe, Kibona, ya leƙo yana karkaɗe lema. Mutum ne da ke son aiki ya ƙare fiye da yadda yake son ya yi daidai.

"Kin buga?"

"Yallaɓai, akwai abin da bai kwanta mini ba."

"Kwamfuta ba ta ƙarya, Tusa. Ke ce dai tausayi ya yi miki yawa. Ɗaya da rabi in gan shi a teburina."

Da ya fita ta sake shigar da fayil ɗin. Ta kashe kwamfutar ta kunna, kai ka ce hakan zai sa gidaje su yi ƙafa su fice. Arba'in da ɗaya, suna nan daram. Ranta ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ta, don hannunta ne zai bugo takardar da za a tayar da mutanen nan da ita.

A kusurwa, tsakanin akwatunan tsofaffin taswirori, Mwansasu, wanda kowa ke kira Mzee, wato dattijo, yana cin gasasshiyar ayaba. Shekara talatin da biyar ya yi yana awon ƙasa da ƙafarsa, saura wata uku ya ajiye aiki, kuma bai taɓa kwamfuta ba sai dai in zai matsar da ita ya ajiye kwanonsa.

"Yarinya, za ki huda mana siminti da wannan kai da komon," in ji shi. "Fayil ɗin dajin nan, su nawa suka zo?"

"Uku, Mzee."

"Ai su huɗu ne 'yan gidan. Ina autan?"

Ta duba. Lallai babu shi. Fayil ɗin taswira ba ya tafiya shi kaɗai, da 'yan'uwansa yake zuwa, kuma ƙaraminsu, mai layi ɗaya tak, shi ne ke gaya wa manhaja da wane ma'auni aka auna ƙasar. Na ƙidaya ya zo da nasa. Na daji kuwa wani ya tura shi ya manta autan a baya, manhaja ta yi shiru ta ɗauka duk awon ɗaya ne.

Mzee ya goge hannu a wando, ya jawo akwati, ya zaro wata taswira da ta koma ruwan ƙasa don tsufa. Ya ɗora yatsa a kan ƙananan rubutun da ke gindinta.

"Karanta, ke mai digiri. Da awon shekarar alif ɗari tara da sittin aka kewaye dajin nan. Yaran ƙidaya kuma da tauraron ɗan adam suka auna. Tsakanin biyun akwai kamar mita ɗari uku. Kin sa wa ƙafar hagu takalmin dama, kina mamakin ɗingishi."

"Mzee, tun safe kana kallona ina wahala!"

"Kin tambaye ni? Ku yaran yanzu kwamfuta kuke gaisarwa da safe."

Dariya ta ƙwace mata. Ta zauna, ta rubuta wa manhajar sunan tsohon ma'aunin, ta danna. Koren layin ya yi tsalle gaba ɗayansa ya koma kudu. Lwangilo ta fito fes, makaranta da gidaje duka, babu ko ɗaya a ciki. Tusajigwe ta tafa hannu. Daɗin da ta ji ya sa har ta ɗauki shayin nan da ya huce ta shanye.

Sai ta sa manhajar ta sake ƙirga gidajen da ke cikin daji, don ta ga sifili da idonta. Manhaja ta ce ɗaya.

Layin da ya janye daga arewa ai bai ɓace ba, matsawa ya yi, kuma abin da ya saki a can ya kama a kudu. Ta gangara kudu a kan taswirar, ta faɗaɗa. Gefen Kisyala yawanci gonakin shayi ne, babu gidaje kusa, sai ɗigo ɗaya a saman tudu, inda hanya ta yi gwiwa. Ba ta buƙaci danna shi don ta ga suna ba. Ta san hanyar, ta san gwiwar, ta san ayabar da ke bayan ɗakin, inda aka binne mahaifinta. Mahaifiyarta na can a yanzu haka, wataƙila tana fere ayaba a baranda.

Ta tashi, ta zauna, ta sake tashi. Ƙarfe ɗaya saura kwata. Taswirar farko tana nan a ajiye, kuma Kibona ita yake jira, ba zai tambayi komai ba. Ko kuma ta gyara arewa, ta ɗan ja layin kudu da hannu, tsawon farce a kan allo. Wa zai sani? Ta kai hannu, ta janye. Ta ce a ranta wataƙila ma Mzee ne ya yi kuskure, tsufa ai ba ya barin kowa.

"Mzee, ta yaya zan tabbatar da layin kudu?"

"Da turakun iyaka. Na kankare ne, kowanne da lambarsa." Ya bi tsohuwar taswirar da yatsa. "A gwiwar hanyar nan akwai na goma sha bakwai. Daga shi zuwa sama, daji ne."

Goma sha bakwai. A kan turken nan take zama kullum da safe tana jiran ƙawayenta su tafi makaranta, tana bin lambar da yatsa, ɗaya da bakwai. A ƙasan gidansu yake, sai an gangaro. Ta tuna yadda mahaifinta ya dasa masa ciyawa mai tsayi ta kewaye shi, da yadda yake canza magana duk ranar da ta tambayi ko na mene ne.

Mzee ya dubi allon, ya dube ta. Sannan ya rufe kwanonsa.

"Ni idona ba ya ganin allo sosai, 'yata," ya ce a hankali. "Abin da kika buga shi na gani."

Wannan maganar ta fi komai yi mata ciwo, don ƙofa ya buɗe mata, ita kuma tana son bi. Wayarta ta yi ƙara a kan tebur, sunan Mama a jiki. Ta kife ta. Ta danna bugawa, injin ya soma gurnani yana turo takarda a hankali, ita kuma tana tsaye tana share ido da bayan hannu.

Ɗaya da rabi ta shimfiɗa taswirar a teburin Kibona, ta yi masa bayanin autan fayil da tsohon awo. Ya saurara yana duba agogo.

"To yanzu ba arba'in da ɗaya ba ne ke nan. Nawa ne?"

"Ɗaya, yallaɓai."

"Madalla, taro ya yi sauƙi." Ya jawo takardar masu fenti, ya cire murfin biro. "Sunan mai gida?"

"Mwaipopo."

"Ba sunanki na tambaya ba, Tusa."

"Na ji tambayarka, yallaɓai," ta ce. "Rubuta."