Shayin 'Yan Dako

"Shekara nawa ka yi kana shan ƙwaya?" in ji likita, idonta na kan takarda.

Dogo ya yunƙura zai tashi, robar da aka soka a hannunsa ta mayar da shi. "Ni? Likita, ko taba ban taɓa kaiwa bakina ba."

"Kowa haka yake cewa."

Matarsa na tsaye riƙe da takalmansa, ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Shekara goma sha shida tana wanke masa kaya, babu aljihun da ba ta san cikinsa ba. Amma ga ƙodojinsa biyu sun tsaya, jininsa kuma ya ba da shaida a kansa. Injin wankin ƙoda ba zai riƙe shi har abada ba, sai an samu mai ba shi ɗaya. Ƙanensa, da suke dako tare a siton siminti, ya ce a ɗauki tasa.

*

Da sassafe ta je siton ɗauko kayan Dogo. Ta tarar 'yan dako sun yi layi, kowa da kofinsa. Shugabansu na tsugune bayan buhuna, yana murƙushe ƙwayoyi da gindin cokali, yana zubawa a butar shayi.

"Mene ne wannan?"

"A'a, matar Dogo! Ya mai jiki? Sukarin maza ne." Ya yi dariya. "Ke a ganinki da ruwan bunu mutum zai sauke tirela uku kafin rana ta yi tsaka?"

"Sun sani?"

"Wa ya tambaya? Kyauta ne fa. Wani wurin ko ruwan sha ba a ba su."

"Mijina na can an jona shi da inji, ana ce masa ɗan ƙwaya!"

"Ciwo na Allah ne, baiwar Allah. Matsa, mota na jira."

Ta juya ta faɗa wa layin abin da ta gani da iyakar muryarta, har maƙogwaronta ya yi zafi. Wasu suka sunkuyar da kai. Wani dattijo ya ce, "'Yata, mun daɗe da zargi. Ranar da ba a dafa ba, har ƙashinmu ciwo yake." Ya miƙa kofinsa. Layi ya matsa gaba.

*

Ranar da gwajin ƙanen ya fito, likita ta ajiye biro ta dube shi. "Ba za mu iya ɗauka ba. Kai ma ƙodojinka sun fara lalacewa."

Ya fito ya zauna a benci kusa da matar Dogo.

"Matar yaya, don Allah kar ki gaya masa yau."

Ta gilashin ƙofa Dogo ya hango su daga kan gado, ya ɗago kai yana tambaya da ido. Ƙanen ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa, ya ɗaga masa babban yatsa.