Tarakta Ba Ta Golmo

Duk wanda ya san Mama Hannah ya san ba ta barin matsala ta kwana. In famfo ya lalace a gidan marayun da take riƙe da shi can bayan unguwar Rikoto a Zuru, kafin yara su gama shan kunun safe ta nemo mai gyara. In malami ya yi fashi, ita za ta gyara ɗaurin zane ta shiga aji ta kama alli. Yara arba'in da bakwai ne a hannunta, ga makarantar firamare manne da gidan, wadda 'ya'yan unguwa ma ke zuwa, amma ba ka taɓa jin ta ce wash. Mace ce mai kirki, ba musu. Sai dai gaggawa gare ta kamar ta tashi sama, kuma gaggawar nan ce ta kusa raba Philemon da matar da yake so.

Philemon kuwa ɗan gidan ne. Yana wata huɗu wata tsohuwa ta goyo shi daga wajen Kanya, ta ce uwar ta rasu, uban kuma ba wanda ya san inda ya nufa. A gidan ya yi rarrafe, a nan ya yi ƙyanda, a nan ya sha bulala kan satar mangwaro. Ya tafi kwalejin horon malamai, ya dawo yana koyar da lissafi a aji biyar. A nan kuma ya ga Saloma, ma'aikaciyar lafiya mai zuwa yi wa yara allurar rigakafi. Yaran ne suka fara ganewa, don sun lura duk ranar allura sai Malam Philemon ya goge takalmi.

Wata Lahadi da yamma, farkon damina, ya dawo daga Dabai inda ya je gaida mahaifin Saloma. Ya tarar da Mama Hannah a ƙofar kicin tana tsince wake da manyan 'yan matan gidan. Ya zauna a kan turmi ya yi tagumi. Ta dube shi sau ɗaya ta sallami 'yan matan.

"To, yaya? Baba Sila ya hana ne?"

"Bai hana ba, Mama. Bai kuma ba ni ba. Golmo ya ce."

Golmo noman neman aure ne na mutanen ƙasar Zuru. A da, saurayi sai ya shekara bakwai yana yi wa uban yarinya noma, shi da sa'o'insa, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan. Yanzu zamani ya rage abin, iyaye da yawa sun daina maganarsa. Amma Baba Sila, tsohon saje ne da ya ajiye kaki ya koma gona, kuma ba ya cikin masu dainawa.

"Ya ce ba shekara bakwai yake nema ba," in ji Philemon. "Ran Asabar in zo da mutanena a yi masa huɗa. Mama, su wa ke nan mutanena? Su Gladys 'yan aji uku zan kwasa?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, kuma Mama Hannah ta ji abin har cikin ranta. Ta ce masa ya je ya ci abinci, ya bar mata.

To, a nan matsalar take. Mama Hannah 'yar Zuru ce ta uwa ta uba, amma a bariki aka haife ta, a bariki ta girma, yau Kaduna gobe Enugu, duk inda aka jefa babanta. C'lela ma, yaren mutanen ƙasar, gaisuwa kawai ta iya. Golmo a bakin mutane ta san shi, kuma a nata lissafin tsoho yana da gona, yana son a huɗe masa, shi ke nan. Ga tarakta a bayan gida wadda ƙungiyar da ke ɗaukar nauyinsu ta ba su don gonar marayu. Ina wahalar? Ran Alhamis da sassafe, ba ta gaya wa kowa ba, ta tura direba Dabai. Cikin awa biyu ya huɗe gonar Baba Sila ta kwari tas, kunya a miƙe kamar an ja da zare. Ta yini tana murmushi ita kaɗai, har ta ƙara wa yara ƙuli a kan kwaɗon rana.

Ana tashi daga makaranta sai ga Saloma a bayan ɗan kabu-kabu, ido ya yi jawur.

"Mama, mi kuka yi haka? Baba ya ce kada Philemon ya ƙara taka mashi ƙofar gida."

Kai, jama'a! Garin neman gira an rasa ido. Philemon yana tsaye da littattafan yara a hammata, ya dubi Mama Hannah, ya juya ya shiga aji. Da ma ya yi mata faɗa, da ya fi mata sauƙi. Ko mayafin kirki ba ta tsaya nema ba, ta haye bayan mashin ɗin da ya kawo Saloma, ta ce Dabai.

Ta sami Baba Sila a gindin ɗorawa yana sa wa garma ƙota. Dogo ne siriri, gashi fari fat, ya zauna a miƙe sai ka ce har yanzu ana fareti. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce laifin nata ne, yaron bai ma sani ba.

"Na sani," in ji shi, bai ɗago ba. "Wanga aiki ba na yaron ba ne. Malama, ni na ce maki ba ni da mai noma? 'Ya'yana maza huɗu. Da gona nike son a huɗe, da sun huɗe."

"Baba, taimako na yi niyya."

"Taimako! Mutanen gari duk sun gani. Suna cewa Sila zai ba tarakta ɗiyatai." Ya ajiye garmar ya dube ta. "Bari in tambaye ki. Ran da Saloma za ta kwanta ciwo, mijinta na wurin aiki, wa zai kai ta asibiti? Ran da iska za ta yaye masu jinka, wa zai hau? Ran da ya ɓata mata rai, wa zan kira in ce ku ja wa ɗan'uwanku kunne? Ba dawa nike dubawa ran golmo ba, mutanen da ke bayan yaro nike ƙirgawa. Ban raina shi don maraya ne ba. Amma ɗiya ba a ba mutum ɗaya tilo kamar itacen da ya tsiro kan dutse."

Mama Hannah mai baki kamar reza ta sunkuyar da kai. Gaskiya tsohon ya faɗa, kuma gaskiyar ta yi mata ɗaci. Da ƙyar ta ce, "Baba, in an zo ran Asabar fa?"

"Kun riga kun cinye gonar kwari da injinku. Saura ta kan tudu, mai duwatsu. In akwai masu zuwa, su zo. In babu, kada a wahalar da kowa."

A hanyar komawa ta yi ta tunanin wa za ta kira. Tana da lambobin yaran da suka girma suka fita, ba ta rasa ba. Amma shekara ashirin da shida tana riƙe da ƙa'ida ɗaya: wanda ya fita, ba ta ɗora masa kaya. Ta san akwai waɗanda ko matansu ba su gaya wa a gidan marayu suka tashi ba, kuma ba ta ga laifinsu ba. Abin da take tsoro shi ne ta kira a yi ta ba ta uzuri, Philemon ya tsaya a kan tudu shi kaɗai da garma, duk Dabai na kallo. Wannan kam ya fi maganar tarakta muni.

Washegari Juma'a, bayan an kaɗa ƙararrawar shiga aji, ta ja kujera gindin dogonyaro ta fara da Zainulabidin, mai faci a tashar mota, wanda suka yi shekara tara suna kwana gado ɗaya da Philemon. Ta yi ta kewaye-kewaye, tana tambayar iyali, tana tambayar kasuwa, har ya gaji.

"Mama, ke da ba ki iya doguwar gaisuwa ba? Lafiya dai?"

Ta gaya masa komai, har da taraktar. Ya yi dariya har da tari.

"Tarakta a golmo! Mama, wallahi kin gama da mu. To, don mi ba a gaya mini tun ran Lahadi ba? Ko an cire ni daga gidan ne ban sani ba?"

"Ba na son in takura muku ne."

"Allah ya huci zuciyarki, amma wannan ba kara ba ce, rowa ce. Ajiye wayar, ni zan kira sauran."

Ta ajiye, amma hankalinta bai kwanta ba. Alkawarin waya ai ba wuya.

Ran Asabar gari na wayewa ta fito raba wa yara aikin shara, sai ta ji ƙarar mashina a bakin ƙofa. Zainulabidin ne a gaba, da garma biyu ɗaure a bayan mashin. Ga Prosper, soja, wanda ya roƙi izinin kwana biyu ya kwana a mota. Ga Ifeanyi mai shagon kayan gyaran mashin, ya sha farin kambas sabo fil kamar mai zuwa biki. Ga wasu da ta yi shekara goma ba ta sa su a ido ba, sun yi gemu, sun yi tumbi. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa: goma sha tara. Ɗaya har da matarsa ya zo, yana nuna mata tagar ɗakin da ya kwana yana yaro. Philemon ya fito ya tsaya turus, idonsa ya cika da hawaye, sai da Prosper ya daka masa duka a kafaɗa ya ce ango ba ya kuka kafin a ba shi mata.

Amma fa zuwa daban, noma daban. Gonar tudun nan duwatsu ne zube, ƙasa kaɗan a tsakani, kuma yawancinsu rabonsu da garma tun gonar makaranta. Kafin hantsi hannuwa sun yi bororo. Kambas ɗin Ifeanyi ya koma kalar ƙasa, shi kuma yana ta rantsuwa da Hausa da Ibo. Samarin Dabai suka hau kan duwatsu suna kallo suna sheƙa dariya, wani ya ce ko a koma a ɗauko taraktar ne. Zainulabidin ya ɗaga waƙar da suke yi suna yara in za su ɗebo ruwa, sauran suka amsa, garemani suka fara sauka tare. Da azahar ya koma gefe ya yi sallarsa a kan buhu, ya dawo ya karɓi layinsa. Mama Hannah da manyan 'yan matan gidan suna ta hawa da sauka da bokitan kunu, har ƙafafunta suka kumbura, ba ta zauna ba.

Sai da la'asar sakaliya suka kai gefen gona. Baba Sila, wanda tun safe yake zaune a kan dutse yana kallo, ya miƙe da sandarsa. Ya bi kunya ɗaya bayan ɗaya, yana zungura, yana girgiza kai. Kowa ya zuba masa ido. Ya zo gaban Philemon ya tsaya.

"Wagga huɗa ce? Kunya sai ka ce maciji ya bi ta kan rairayi! Ruwa ɗaya zai wanke rabinta. Kai, malamin lissafi, ko layi ba ka iya ja?" Ya juya ga sauran. "Ku duka ba ku iya komi ba. Baɗi ku dawo ku gyara ɓarnarku."

Ran Mama Hannah ya ɓaci. Yara sun bar sana'arsu, sun fasa hannuwa, a saka musu da zagi? Ta ajiye bokiti ta yunƙura, bakinta cike da magana, sai ta ji an damƙe mata hannu. Mahaifiyar Saloma ce, fuskarta duk murmushi.

"Tsaya, 'yar bariki, kada ki sake ɓata muna aiki," ta raɗa mata. "Wanda ba a so, gode mashi akan yi da kyau, a sallame shi. Ɗan gida kaɗai akan yi wa faɗa a ce ya dawo."

Kafin Mama Hannah ta gama fahimta, matar ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, matan da ke ƙasan tudu suka amsa. Saloma ta rufe fuska da gyale ta ruga gida. Su Zainulabidin suka ɗaga Philemon sama da hannuwansu masu bororo, suna ihu, shi kuma yana roƙon su sauke shi kada su yar da shi kan dutse.

Baba Sila ya ratso ta cikinsu a hankali har inda Mama Hannah take tsaye. Ita dai ba ta taɓa haihuwa ba. Ta yi goyo, ta yi jinya, ta yi yaye ba adadi, amma ko a mafarki ba ta sa ran jin abin da tsohon ya faɗa ba. Ya cire hularsa, ya ɗan rusuna.

"Surukata," ya ce, "a sauko gida a sha ruwa, mu tsaida rana."

Ta rufe fuska da bakin zanenta. Sai ta zauna a kan dutsen nan, a gaban yaranta goma sha tara da na ashirin ɗinsu, ta yi kukanta son ranta.