Darasin Gama-gari

Baban Lab ya rasu ranar Talata da rana tsaka, a kujerar gaban motata, muna tsaye a danjar da ke tsakanin jami'a da asibitin da ya yi wa aiki tun yana saurayi. Fitowarsa ke nan daga ɗakin jarrabawa. Biron da ya yi rubutu da shi yana aljihun rigarsa ba murfi, tawada ta ɓata aljihun.

Maƙwabcina ne. Ƙofarsa na kallon tawa a hawa na biyu na benen da muke haya, igiya ɗaya muke shanya a kai. Ni ina gyaran labarai a wata jarida, shi ya sa yake kirana Edita. Shi kuma ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, mai duba jini da fitsari. Yaran bene ne suka sa masa Baban Lab, har matarsa, wadda tela ce, ta koma kiransa haka idan tana jin tsokana.

Da difloma ya kama aiki, da ita ya tsufa. A asibitinsu, duk sakamakon da ya fitar sai mai digiri ya sa hannu a ƙasa kafin a kai wa likita. Masu sa hannun kuwa yawancinsu shi ya koya musu yadda ake riƙe gilashin jini. Wannan ne ya mayar da shi makaranta da furfurarsa. Abin da yake so bai wuce ya sa hannu a kan aikinsa da kansa ba, ko da sau ɗaya ne, kafin ritaya ta cim masa. Ritayar kuwa a ƙarshen shekarar nan take.

Darussan sashensu bai sha wuyarsu ba. Wani lokaci ma malamin ne ke juyowa ya tambaye shi yadda abin yake a aikace. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne darussan da jami'a ta wajabta wa kowane ɗalibi, ko me yake karantawa: rubutu da harshe, tarihin kimiyya, zama da jama'a, da wani da ake kira Tunani da Hujja. A allon sanarwa an rubuta musu suna da manyan baƙaƙe: DARUSSAN GAMA-GARI.

Ranar da ya ga allon, ya hawo bene yana huci.

"Edita, ka ji wulaƙanci? Gama-gari! Su da bakinsu suka faɗa."

"Ai nufinsu na kowa da kowa ne," na ce.

"To me ya fi wannan muni? Tambayi wannan," ya nuna matarsa da ke kan keken ɗinki a bakin ƙofa. "Idan aka ce yadi gama-gari ne, me ake nufi?"

"Wanda ba ka son a gan ka da shi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Amma dai shi ne a jikin kowa."

"Ka ji ko? Ni da nake raba ƙwayar cuta da 'yar'uwarta a madubi, a ce in zauna da masu karatun kiɗa ana koya mini tunani. Da can da me nake yi, da gwiwa?"

Ukun farko ya yi su yana ƙunƙuni, ya tsallake da ƙyar. Na huɗun ya ƙi shiga ajinsa sam. Ya yi zaton idan aka ga sakamakonsa na sashe za a ɗaga masa ƙafa. Ba a ɗaga ba. Abokan karatunsa suka sa rigar kammalawa, shi aka ce ya dawo baɗi saboda kwas ɗaya. Ya je wajen shugaban sashe, ya je ofishin rajista, kowa ya ba shi kujera ya kira shi Baba, kowa ya faɗa masa abu ɗaya.

"Ƙaramin tsuntsu ya hana giwa barci," in ji matarsa.

Da zango ya zagayo ya shiga ajin. Babban zaure ne mai kujeru hawa-hawa, ɗalibai cike har kan matakala, fanka rabi na juyawa rabi a tsaye. Malamar yarinya ce, sa'ar 'yarsa ta fari. Ya ce mini zai zauna a can baya ya yi gyangyaɗinsa, ya sa hannu a takardar halarta, ya fito.

Bai yi wata guda ba ya koma layin gaba.

Ban san ranar da abin ya juya ba, sai dai na ga alamunsa a baranda. Mutumin da ke dawowa daga aiki ya miƙe ƙafa ya kunna rediyo, sai ga shi ba ya iya zama. Ya je ƙarshen baranda, ya dawo, ya leƙa titi, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa.

"Edita, labarin nan da kuka buga jiya, kun ce an ce. Wa ya ce?"

"Majiya."

"Majiyar ta gani, ko ita ma ji ta yi?"

"Baba, ka bar ni in sha shayina."

Bai bar ni ba. Ya jingina da bango ya ba ni labari. Malamar ta tambayi aji: idan gwaji ya nuna mutum na da cuta, shin yana da ita? Ya ɗaga hannu ya ce tabbas, in dai shi ya yi gwajin. Aji ya fashe da dariya. Sai wata ɗalibar shari'a da ke gefensa ta ce, "Baba, a kotu wannan ba hujja ba ce, yabon kai ne." Wani mai karatun noma ya ce shi ma an taɓa gwada ƙasar gonar ubansa aka ce ba za ta yi ba, ga shi tana yi. Suka yi ta yi har lokaci ya ƙare.

"Na san gwaji na kuskure," ya ce mini. "Tun kafin a haifi yarinyar nan na sani. Amma ban taɓa zama na tambayi kaina ta yaya na san abin da na sani ba. Kuma ban taɓa tunanin wanda zai karɓi takardar sakamakon ya karanta a bakin ƙofa ba. Ni dai jini nake gani. Sai da na zauna kusa da mutanen da ba su san komai a aikina ba, sannan aka yi mini tambayar da ta fi ƙarfina."

"Gama-garin ke nan," na ce.

"Kai dai bari."

Gidan ya shiga uku. Matarsa ta ce farashin zare zai tashi, ya ce mene ne hujjarta. Mai gyaran famfo ya ce bututun ya tsufa ne, ya ce wannan sani ne ko zato. Ta fito baranda ta same ni.

"Maƙwabci, don Allah ka yi masa magana. Da can bai son karatun, muna zaune lafiya. Yanzu ko gishiri na ce ya yi yawa sai na kawo shaida."

A tsakiyar zangon ya fara ramewa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, hawan bene ya koma sai ya tsaya a tsakiya ya riƙe ƙarfe. Wata safiya na same shi a nan, ni ina sauka shi yana hawa.

"Na ɗebi jinina na duba," ya ce.

"Me ka gani?"

"Abin da in na gani a jinin wani, nakan kai wa likita da hannuna, ba na aikawa." Ya ja numfashi. "Ban yarda da idona ba. Na ba wa yaron da ke sa mini hannu, ban ce masa nawa ba ne. Na aika wani asibitin ma. Duka bakinsu ɗaya. Hujja ta cika, Edita."

Aka fara magani. Wasu ranakun ya je aiki, wasu ya kwanta. Lacca dai bai fasa ba. Idan ƙafa ta ƙi, ni nake sauke shi a ƙofar zauren kafin in wuce ofis, ɗalibar shari'ar nan ta riƙe masa jaka.

Ana saura kwana kaɗan jarrabawa jikin ya rikice. Likita ya ce a ba shi gado a ƙara masa jini. Ya ce sai bayan Talata. Aka kira 'yarsa ta fari daga gidan mijinta, ta zo da jariri a baya. Ƙofarsu a buɗe take, ina jin komai daga ɗakina, daga baya ma aka kira ni.

"Baba, jarrabawa ba ta ƙarewa a duniya. Ka rubuta baɗi."

"Baɗi ina gida na yi ritaya. In ma ina nan."

"Ka daina irin wannan maganar."

"To kawo hujjar cewa zan kai baɗi, in fasa."

Ta fashe da kuka, jaririn ya taya ta. Matarsa ta tashi ta rufe taga, ta sake buɗewa, ta ɗauki almakashi ta ajiye.

"Kwas ɗin da ka ce na masu kiɗa ne," ta ce. "Shi za ka ba wa ranka?"

"Ba raina zan ba shi ba. Awa biyu zan ba shi." Ya juyo gare ni. "Edita, za ka kai ni, ko in hau haya?"

Na dubi matarsa. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce, "In kun fito, asibiti kai tsaye. Zan jira ku a can da kayansa."

Ranar Talata na kai shi da wuri. Masu gadin jarrabawa suka ba shi kujera kusa da ƙofa saboda iska. Ni na zauna a mota ƙarƙashin wata bishiya, na buɗe jarida na kasa karantawa. Na fito na zagaya, na koma, na kunna rediyo na kashe. Wayata ta yi ta ƙara, matarsa ce, ina ce mata bai fito ba. Ɗalibai suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, sannan a gungu. Shi ne na ƙarshe. Ɗalibar shari'ar na riƙe da hannunsa na dama, wani dogon yaro na riƙe da na hagu, yana ce musu su sake shi, shi ba amarya ba ne.

Da muka hau titi ya kwantar da kujera, ya rufe ido. Leɓensa ya bushe.

"Yaya?" na ce.

"Tambaya ɗaya na amsa."

"Nawa aka ce a amsa?"

"Uku."

"Lokaci ne ya ƙare?"

"Takarda ce ta ƙare. Na karɓi ƙari, ita ma ta ƙare." Ya yi murmushi ido a rufe. "An ce ka bambanta abin da ka sani da abin da kake zato, ka kawo misali daga rayuwarka. Ka ga kuwa an taɓo inda yake mini ƙaiƙayi."

"Baba, ɗaya cikin uku. Ka faɗi ke nan."

"Wannan zato ne, Edita. Ba sani ba."

Danja ta tsayar da mu. Cunkoso ne irin na tashin makarantu, masu babura na kutsawa ta kowane gefe, wani mai sayar da gilashin ido yana buga mini taga. Na ce masa ya ƙara haƙuri, mun kusa. Bai amsa ba. Da danjar ta ba da hannu na taɓa kafaɗarsa, kansa ya gangaro gefen taga. Na bayana suka yi ta danna ham.

A ƙofar asibitin matarsa na tsaye da jaka da filas. Ma'aikatan da suka fito da gadon turawa duk sun san shi. Ɗayansu ya kira shi sau biyu da sunan da suke kiransa a wurin aiki, sannan ya cire hularsa.

Bayan mako biyu malamar ta zo gaisuwa. Ta zauna a bakin kujera, jakarta a cinya. Ta ce ta duba takardarsa da kanta, ta kuma ba wa wani malamin ya duba. Amsar da ya rubuta ta samu duk makin da tambaya ɗaya za ta iya samu. Amma makin tambaya ɗaya bai kai na ci ba, ko an haɗa da na aikin aji, saura kaɗan.

"Me ya rubuta?" in ji 'yarsa.

"Ba ni da izinin fitar da takardar jarrabawa. Ku yi haƙuri." Ta gyara zaman jakar. "Na nemi a bar ni in riƙa karanta wa sababbin ɗalibai ita, ba tare da suna ba. Wannan ma ba a ba ni amsa ba."

Ta ce jami'a na iya ba mamaci digiri idan ya kammala dukkan darussansa. Sashen da yake karatu ya rubuta cewa ya kammala nasu. Sashen darussan gama-gari ya rabu biyu: wasu sun ce ƙa'ida ƙa'ida ce, idan aka ɗaga wa ɗaya an rushe ta ga kowa, wasu sun ce abin da kwas ɗin ke nema ya riga ya samu a takardar. An tura maganar majalisar jami'a.

"To ya ci ko bai ci ba?" matarsa ta tambaya.

"Mama, ban sani ba tukuna."

Majalisar ta ɗage zamanta sau biyu. Har ranar da nake wannan rubutu ba ta zauna ba.

Jiya da safe na shiga wajen matarsa karɓar guga. A kan teburin yankanta akwai wani farin yadi mai tsada, an shata shi da alli, an yanka hannu ɗaya. Ta ce kayan da zai sa a ƙarƙashin rigar kammalawa ne, ta fara tun kafin ya kwanta. Ba ta ɗinka ba, ba ta kuma naɗe ba. Ta ɗora almakashi a kai don kada iskar taga ta ɗaga shi, ta ja kekenta gefe tana ɗinkin mutane.