Taku Goma Sha Huɗu Zuwa Wurin Shayi

…wai ni ce yau nake neman gishiri a kantin nan. Ni. Layi na huɗu — a'a, na shida, can ƙurya bayan kayan maƙulashe. Ni na sa aka kai shi can, ga ni kuma da kwando a hannu ina zagaye kamar kazar da aka sauya wa akurki.

Mai gadi na bakin ƙofa. Shi ɗin dai. Ya harɗe hannu, hula a karkace, har da sunkuyar min da kai, don ya san ranakun aiki da katin kantin nake yawo a wuya. Riƙe gaisuwarka. Da wannan hannun ka damƙi hannun ubana. Yau kwana tara. Kwana tara Baba bai taka ko bakin ƙofar gida ba, yana zaune gefen taga da rediyon da bai kunna ba, Mama ta ajiye abinci ta dawo ta ɗauke…

Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas a garin nan. Ba kwanar da bai sani ba, ba ramin da bai kauce wa ba. Da ido ya dushe masa, gari duka ya ƙwace daga hannunsa, sai wuri ɗaya tak ya rage: nan. Daga gida, bango na hannun dama har ƙofar kanti. Daga ƙofa, taku goma sha huɗu, a juya hagu, a miƙa hannu daidai kafaɗa — shayi. Taku shida gaba, a sunkuya — sukari. Man girki a ƙarshen layin, kwalba ta uku. Ba ya yarda a raka shi. "Uwata, direba ba ya tambayar fasinja hanya." Ya fita da sandarsa, ya dawo da leda yana fito, kamar wanda ya ciwo yaƙi.

Ina gishirin nan yake ne?

Ranar nan Baba ya miƙa hannu wurin man girki ya ji kwalba ba irin ta kullum ba. To me zai yi? Mutumin da ba ya gani, da me zai karanta? Ya buɗe murfi ya kai hanci. Shi ke nan laifin. Ruwan wanke banɗaki ne. Kai kuma mai gadi ka taho da gudu kamar an ce maka ana fashi a banki — "Tsoho, ba a buɗe kaya a nan!" — ka fizgi hannunsa, kwalba ta faɗi, ta jiƙe masa riga har takalmi, kuma a gaban wa? Gaban kowa. Ranar Juma'a, kanti cike. Masu harshe kala goma a unguwar nan, kowa ya kalla da harshensa, ba wanda ya buɗe baki. Mai aski na nan, wanda ke taƙama yana jin yare huɗu, a cikin huɗun ya rasa wanda zai ce "ku bar shi, ba ya gani." Matar mai gyaran takalmi ce kawai, wadda ko gaisuwarmu ba ta iya ba, ta kamo gefen rigarsa ta kawo shi gida. Warin nan har yau yana cikin falo. Mama ta wanke rigar sau uku.

Gishiri. Ga shi. A ƙasa, wurin da sai ka durƙusa. Eh mana, kayan dole a ƙasa, kayan sha'awa daidai ido. Shafi na bakwai.

Shafi goma sha biyu na rubuta, da taswira mai launi, da kibiyoyi ja da kore. Wata biyar da gama digiri a harkar kasuwanci, takardun neman aiki arba'in, amsa ko ɗaya babu, sai na shigo sayen sabulu na ga kantin nan na ce inna lillahi, wannan ai ba kanti ba ne, ɗakin tsohuwa ne. Madarar jarirai kusa da maganin ciwon kai. Kyandir kusa da shinkafa. Kifin gwangwani manne da katin waya. Tsohon mai kantin, Allah ya jiƙansa, haka ya jera, haka ya bari shekara ashirin. Na je wurin surukinsa, sabon manaja, na zube masa ilimi. A raba kayan yau da kullum, a watsa su kusurwa huɗu, mai neman abu biyu sai ya ratsa kanti duka, yana ratsawa yana gani, yana gani yana ɗauka. Idonsa har ƙyalli yake. Gwaji na wata uku, in ciniki ya tashi kujera tawa ce.

Ya tashi kuwa. To sai me? Ƙarya na yi? A littafi yake, duk manyan kantunan duniya haka suke yi, ba ni na ƙirƙiro ba. Ni na ce a kama tsoho? Ni na ɗauki ƙaton da bai san bambancin ɓarawo da makaho ba na ba shi hula? A shafi na nawa na rubuta a fizgi hannun mutane?

Wannan matar kuma… mai ɗigo a goshi, ta benen sama da chemist — kantin magani. Tun shigowata take tsaye a layi na biyu da tsohuwar leda a hannu, ledar abin da ya ƙare mata, tana kara ta da kowane ƙunshi tana gwada launi. Ba ta karanta rubutun nan. Da ba ta buƙata. Kayanta duk a kusurwa ɗaya suke, garinta, kayan ƙamshinta, man gashinta, ta shigo ta kwasa ta fita. Ma'aikatan asibiti masu fitowa da safe, nasu na bakin ƙofa. Leburorin gini, kifin gwangwani da katin waya, su ci su kira gida. Mai jego, madara da maganin ciwon kai… Ashe tsohon mai kantin ba kaya ya jera ba, mutane ya jera. Ni kuwa na tsaya gaban surukinsa ina dariya, ina cewa wannan tsari ba shi da kai ba shi da gindi.

Kar ki dube ni, baiwar Allah. Ban san inda yake ba. Wallahi ni na zana, kuma ban sani ba.

Me ya rage? Mama ta ce ashana. Ta ce, "Ki yi sauri, kin san halin ubanki, in ya ji ke kika je zai ce mun mai da shi kaya." Ta ce Allah ya isa tsakaninta da duk wanda ya hargitsa kantin nan, ya rasa abin taɓawa sai hanyar makaho. Ina tsaye ina ɗaura ɗankwali. Na ce amin. Da bakina na ce amin! Ita a saninta ina aiki a ofis, kan kwamfuta. Yaya ya bugo waya yana kumfar baki, wai a ba shi sunan wanda ya yi, zai zo da kansa. Zo mana, Yaya. Shekara goma ɗakinku ɗaya da mai laifin.

Zan iya koya masa sabon tsarin. Me zai hana? In riƙe hannunsa ranar da ba cunkoso, mu ƙirga tare, mutumin da ya haddace gari guda layi takwas ne zai gagare shi? Sati biyu ya isa. In sa mai gadi ya durƙusa ya ba shi haƙuri, in…

Sati biyu. Saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare.

Shafi na goma sha ɗaya. A riƙa sauya jerin duk wata, kada ƙafar mai saye ta saba, don ƙafar da ta saba ba ta tsayawa kallo. Har layi na ja a ƙarƙashin wannan jimlar, don daɗin da ta yi min. Ga manaja can a ofishinsa na gilashi, ya hango ni, yana ɗaga min farar takarda yana murmushi: taswirar wata mai zuwa, Litinin yake so. In na ce a'a? Masu digiri nawa ne a layi, kowa da kibiyoyinsa? In na ce a mayar da komai yadda yake, na ce masa kenan ciniki ya koma, ni ma in koma — gefen taga, kusa da Baba, mu zama biyu.

Na ɗaga masa hannu. Dubi hannun, da kansa ya tashi.

Yadda zan faɗa wa Baba ne ban… Baba, ka san wanda ya… a'a. Baba, wani abu ne a makaranta ake kira…

Dakata.

Wancan karon, ana gobe zan fara kai wa manaja tsarin. Mama ta tafi gidan Goggo barka. A falo, bayan la'asar, na tsaya gaban kujerarsa da takardun, na ce Baba zama manaja, in gwada a kanka. Ya gyara zama, ya ɗora hannu kan sanda. Na karanta masa. Duka. Tun daga shafin farko, ina kai ina kawowa, ina nuna kibiyoyi ga mutumin da ba ya ganinsu. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya ce, "Kowane wata, Uwata?" Na ce kowane wata, Baba, nan ne dabarar take. Ya ce, "To. Allah ya sa su ɗauke ki."

Ya sani.

Ya sani ya ɗauki sandarsa ya zo shi kaɗai, bai ce in zana masa ba. Mama na Allah ya isa a gabansa, Yaya na neman suna, shi yana zaune ya juya fuska wajen taga, kwana tara…

Layin biyan kuɗi na motsi. Mai karɓar kuɗi tana min magana, bakinta nake gani. Na baya na taɓa min kafaɗa. Kwandon nan bai kai kilo uku ba, me ya sa na kasa ɗaga shi…