Zanen Goyo a Gindin Jaka

Bok-rye ta ƙara danna zanen goyon can gindin jaka, ta jera robobin kimchi, wato kabeji mai yaji, a kansa, sannan ta bi surukarta zuwa cikin asibitin yara. Da safe mantuwa ta sa ba ta fitar da shi ba, sai a cikin bas ta ga bakin igiyarsa ya leƙo.

Wata biyu ke nan tana goya jikarta Da-on a ɓoye. Surukarta Hye-rin ta hana tun ranar farko, wai ta karanta a waya cewa goyo na lanƙwasa ƙafar yaro kamar baka. Har ta gindaya sharaɗi: in aka goya, gidan raino za ta kai yarinyar. To amma ita Da-on ina ruwanta da waya? Da uwar ta tafi ofis sai ta ɓare baki, ba ta shiru sai ta ji ta manne a bayan kakarta. Haka suke zuwa kasuwar kifi ta garinsu Mokpo, yarinya na ta gwaranci, masu kifi na tsokana: "Tsohuwa, an sake haihuwa ne?"

Yau za a sake ɗaukar hoton ƙugun yarinyar, don tun haihuwa aka ce gaɓar hagu ba ta zauna daram ba. Kwana uku Bok-rye ba ta ci abincin kirki ba. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kada a ce ita ta nakasa 'yar mutane.

Likitar, wata mace mai furfura, ta daɗe tana duban hoton.

"Yaya kuke ɗaukarta a gida?"

"A keken jarirai kawai," in ji Hye-rin da sauri. "Da tana ƙarama ma naɗe mata ƙafafu nake a miƙe, don su fito sambal. Ba a taɓa goya ta ba."

Likita ta ɗauki biro za ta rubuta. Bok-rye ta dubi biron nan. In ta yi shiru, gobe ma Da-on tata ce. Amma da ƙarya za a yi wa yarinya magani?

"Likita, kada ki rubuta haka." Ta zazzage robobin a kan kujera, ta zaro zanen, shuɗi mai auduga, duk ya koɗe. "Kullum tana bayana. Da wannan na goyi ubanta. In laifi ne, nawa ne."

"Mama." Fuskar Hye-rin ta yi ja.

"Goya ta in gani," in ji likita.

Aikin shekara arba'in ba ya ɓace wa tsohuwa. Ta sunkuya, ta ɗora yarinya, ta ja igiya ta ƙarƙashin ɗuwawunta, ta ƙulle a ƙirji. Likita ta zagaya, ta taɓa gwiwoyin da suka buɗe kamar na kwaɗo, ta duba ta ga hancin yarinyar a sarari yake.

"Haka ake so. Gaɓar ta zauna. Wannan zaman taimakonta yake, a ci gaba da shi. Naɗe ƙafa a miƙe shi ne ba mu so, shi ke ture gaɓar."

Bok-rye ta so ta yi murna, sai ta ga surukarta ta ƙura wa ƙafafun 'yarta ido, leɓenta na motsi. Tausayi ya kama ta. Surukar nan ita ma fa tsoro ne ya sa ta.

Suka fito zuwa tashar bas. Da-on ta yi barci, yawu na jiƙa rigar kakarta.

"Maman Da-on, ni ma da na haifi mijinki, gishiri na dinga shafa masa a dasashi, wai haƙori ya fito," in ji Bok-rye. Ƙarya ta shirga, ba ta taɓa yi ba.

Hye-rin ta yi dariya da hawaye. Ta ajiye jakar ofis a ƙasa, ta juya wa tsohuwa baya, ta sunkuya da yawa har gashinta na neman taɓa ƙasa.

"Ɗago kaɗan, ba shinkafa za ki dasa ba," in ji Bok-rye, tana kwance igiyar.

Bas ɗinsu ta zo ta wuce, suna kan ƙulli na biyu.