'Yar Farin Sabuwa

Ranar da Dakta Na'ima ta sauka a Karaye da farar mota da akwatunan sanyi guda biyu, Bahauddeen kasa cin abincin rana ya yi. Ba zazzaɓi ba ne, ba ciwon ciki ba. Ƙyashi ne zalla, shi kansa ya san haka.

Ajinsu ɗaya a firamare, shi ke zuwa na ɗaya ita ta biyu, duk wanda ya yi zamani da su ya sani. To, ita mahaifinta ya koma Kano da aiki, ta yi jami'a, ta haye Turai, ta dawo da digirin digirgir a kan ƙwaƙwalwa da ƙwayoyin gado. Shi kuwa ya tsaya a ma'aikacin lafiya a wani ƙaramin asibiti, daga gwajin maleriya sai allurar rigakafi. Amma fa kada a raina shi. Shekara tara yana hawa babur zuwa Falgore a kan wani ciwo da ba wanda ya kula da shi. Yaro zai taso lafiya lau, ya fara tafiya, sai a ga yana tangaɗi kamar wanda ya yi hajijiya, magana ta riƙa sarƙewa, jajayen jijiyoyi su fito a farin idonsa, kafin ya wuce shekara goma ya zauna ke nan. Mutanen gari suka ce iska ce. Bahauddeen ya ce a'a, a jini yake, tunda a zuri'a ɗaya yake zagayawa. Ya sami littafi mai bangon kwali ya rubuta wa ya haifi wa, wa ya auri wa, har kakannin kakanni. Shi ne ma ya aika wa Na'ima saƙo bara ya ba ta labari. Burinsa ɗaya ne a duniyar nan: in an tashi rubuta ciwon nan a takarda, a ga sunansa, a san shi ya gano shi.

"Bahau!" in ji Na'ima tun daga bakin ƙofa. "Kai har yanzu ba ka yi ƙiba ba? Ina gida, ina yara?"

"Lafiya ƙalau, Dakta. An zo lafiya? Ya hanya?"

"Wace Dakta kuma, don Allah rabu da ni." Ta juya wajen ɗalibanta biyu, mace da namiji, 'yan birni masu fararen takalma. "Wannan shi ne Malam Bahauddeen da nake ba ku labari. Shi zai yi mana jagora, ya san hanya."

Jagora! Shekara tara na zafin rana da ɓarin fetur, a ce ya san hanya, sai ka ce ɗan acaɓa. Ya yi murmushi, amma a ransa ji ya yi kamar ta watsa masa ruwan barkono. Da ta tambaye shi littafin, sai ya ce ai damina ta shiga ɗakinsa bara, ruwa ya cinye rubutun. Ƙarya yake, littafin na nan a ƙasan akwatin kayansa ko ƙura bai yi ba.

Washegari suka tafi Falgore. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiyar ƙofar gidan Malam Daudu, wanda 'ya'yansa biyu ne ke fama da ciwon. Na'ima ta zauna a ƙasa kamar kowa, ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yi bayani. Ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, kowace tana ɗauke da dogon rubutun gado, rabi daga uwa rabi daga uba. Duk sanda ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe rubutun, a wajen kwafar nan kuma, ko a wahalar yau da gobe, zaren yakan tsinke. Allah ya sa a jiki akwai mai shela, da zarar zare ya tsinke zai kira masu ɗinki. To yaran nan mai shelarsu ne ba ya aiki, ɓarna ta yi ta taruwa, ta fi cin ɓangaren ƙwaƙwalwa na ƙeya, wanda ke riƙe mutum kada ya faɗi. Wanda ya gaji abin daga ɓangare ɗaya lafiyarsa ƙalau, ɗauka kawai yake yi. Sai mai ɗauke da shi ya auri mai ɗauke da shi ake samun matsala.

"Ikon Allah!" in ji Lado, yayan Malam Daudu. "Yau dai ga likitar gaske ta zo."

A gaban Bahauddeen ya faɗa, mutumin da shekara tara suke kira Likita, suna ba shi gyaɗa a ƙunshi. Ya ci gaba da riƙe akwatin sanyi yana miƙa kwalaben jini. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bayanin ya yi kyau. Da ma a ce ta yi shirme.

Ɗalibar ce ta shiga cikin gida wajen mata tana tambaya tana latsa ƙaramar kwamfuta. Da la'asar suka haɗa komai, Na'ima ta buɗe zanen dangin, da'ira mace, murabba'i namiji, kowa da lambarsa da sunansa a ƙasa. Bahauddeen ya leƙa ta bayan kafaɗarta. Kallo ɗaya ya yi ya ga kuskuren.

An sa Bahijja a ƙarƙashin Lado da matarsa Talatu. Alhali Bahijja 'yar farin Sabuwa ce, matar Malam Daudu, uwar yaran nan biyu marasa lafiya. Tun ranar yaye Talatu ta goya ta ta tafi da ita, ita ta raine ta har ta zama malamar firamare. Ka tambayi Talatu 'ya'yanta nawa, da Bahijja za ta fara lissafi, wanda ya ce 'yar riƙo ce kuwa sun ɓata har abada. Sabuwa kuma? Haba, wace mace mai kunya a Falgore za ta kama sunan 'yar fari a gaban baƙuwa? Ko a hanya suka haɗu kau da kai take yi. Da aka ce ta lissafo 'ya'yanta, daga na biyu ta fara. Ba wanda ya yi ƙarya, kowa abin da ya dace ya faɗa.

Ya buɗe baki zai yi magana. Daidai nan Na'ima ta ce wa ɗalibarta, "Kin yi ƙoƙari, Jamilatu. Aikin da zai ɗauki wani shekaru kin gama shi a wuni ɗaya."

Sai ya rufe bakinsa. To madalla, a je a haka. Ya san za a yi taro idan sakamako ya fito, Farfesan da ke jagorantar binciken zai zo daga Kano. Ranar za a san wanda ya san hanya da wanda ya san mutane. Ya ma ji Na'ima na cewa kayan gwaji ba su da yawa, in iyaye biyu suka fita lafiya ba sai an ɗebi jinin 'ya'yansu ba. Ya ji sarai. Ya ɗauki akwati ya kai mota.

Bayan wata biyu ta dawo da sakamako. A ɗakin shan magani na garin ta zauna, tana kiran mutane ɗaiɗai tana rufe ƙofa, don ta ce sirrin kowa nasa ne. Bahauddeen na kan benci a waje yana kiran suna, kamar masinja. Ya ga Salman ya shiga, ɗan ƙanwar Malam Daudu, mai gyaran injin ban ruwa, wanda ke neman auren Bahijja tun tana makarantar horon malamai. Ya daɗe a ciki, ya fito fuska a sake, har yana tsokanar Bahauddeen wai a tanadi babbar riga, an sa rana.

Tunanin cewa ba a ɗebi jinin Bahijja ba ya ɗan soki Bahauddeen. Ya danne shi. Ai ita ce Dakta, ita ta je Turai, shi ina ruwansa, jagora ne. Ranar Juma'ar ɗaurin aure ya sa babbar rigar kuwa, ya zauna a sahun gaba, ya shafa fatiha, ya cika aljihu da dabino.

Mako biyu bayan nan aka yi taron a wani ɗakin taro a Karaye. Ga Farfesa da farin gemu, ga ma'aikatan lafiya, ga masu unguwanni. Na'ima ta haska zanen a bango, an cire sunaye, lambobi kawai. Ta yi magana a kan yadda ake nazarin gyaran zaren gado a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da yadda zuri'ar nan za ta taimaka a gane dalilin da ɓangaren ƙeya ke fara lalacewa. Aka tafa. Bahauddeen ya ɗaga hannu cike da ɗoki.

"Allah ya gafarta Farfesa, ina da ɗan gyara. Lamba goma sha huɗu ba 'yar lamba shida ba ce. Riƙo ne. Lamba tara ce ta haife ta, 'yar farinta ce, shi ya sa ba ta ambace ta ba."

Ya zaro littafin daga jaka, ya kai gaban Farfesa ya buɗe shafin. Tsohon ya gyara tabarau ya yi ta juya shafuka yana girgiza kai. "Wa ya yi wannan aikin? Kai? Shekara tara? Malam, ai wannan shi ne ƙashin bayan binciken gaba ɗaya. Dole sunanka ya shiga takardar nan, a gaba ma."

Wallahi daɗin da ya ji bai taɓa jin irinsa ba, ko ranar aurensa. Ya waiwaya don ya ga fuskar Na'ima. Ya zaci kunya zai gani, ko haushi. Ba ko ɗaya. Tana tsaye ta dafa tebur, ta ƙura wa lamba goma sha huɗu ido, leɓenta na motsi da salati.

Da aka tashi ta ce ya biyo ta bayan ɗakin, gindin wata bishiyar mangwaro.

"'Yar fari," ta ce. "Ni da uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, ni na manta da wannan. Laifina ne, na ɗauka." Ta numfasa. "Tunda yanzu kana cikin aikin, bari ka ji. Salman yana ɗauke da shi. Ya tambaye ni ko ya fasa auren, har da hawaye. Na ce masa na duba ɓangaren yarinyar, babu komai. Lado da Talatu na duba, Bahau. Ita ko jininta ban ɗiba ba."

Ya ce, "To... ai ƙila ba ta ɗauke da shi."

"Ƙila. Iyayenta duka biyu suna ɗauke da shi, kai ma ka iya lissafin, ka fi ni iya lissafi tun muna yara. Cikin uku, biyu tana da shi. In kuwa tana da shi, kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne." Ta dube shi. "Ruwa bai ci littafin ba ashe. Tun yaushe ka ga kuskuren?"

Ya so ya ce yau. Ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Tun ranar farko."

Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi sauƙi. Cewa ta yi, "Sunanka zai fito a gaba, ka cancanta, aikinka ne. Gobe da safe za mu je gidansu. Ni zan faɗa musu kuskurena da bakina. Kai za ka ɗebi jinin, tunda kai suka sani."

Da hantsi suka isa. Ɗakin amarya na ta ƙamshin turaren wuta, kwanuka jere a kabad, lallen hannun Bahijja ko dusashewa bai yi ba. Ta durƙusa ta gaishe su, ta kawo ruwa da alkaki, Salman ya baro wajen aiki da baƙin mai a hannu yana ta murna da baƙi. Na'ima ta yi bayani tiryan-tiryan, ba ta ɓoye nata ba, ba ta kuma ambaci na Bahauddeen ba. Murmushin Salman ya ɗauke. Bahijja ta sunkuyar da kai. Ba sai an kwatanta mata ciwon ba, ita ke zuwa duk Asabar ta yi wa ƙanwarta mara lafiya kitso, tana tallafe mata kai don kada ya riƙa rawa.

Can ta ɗago, ta naɗe hannun rigarta, ta miƙa wa Bahauddeen hannu.

"Ɗiba, Likita," ta ce. "Ni tunda kana cikin maganar hankalina a kwance yake. Kai ka san gidanmu ciki da waje. Da akwai abin tsoro, ai da tuni ka faɗa mana kafin a ɗaura."

Ya ɗaura mata roba a damtse, ya goga auduga. Sau uku yana neman jijiyar bai same ta ba.